Shuɗiyar Fitilar Injiniya

Injiniya ake ce masa, ko da yake iyakar karatunsa riƙe wa maigidansa tsani. Gyaran wuta yake yi, kuma hannunsa na da kyau, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ciwonsa ɗaya: abin da ya kalla sau ɗaya, to ya iya.

'Yarsu ta fari lafiya lau ta zo. Na biyu ya zo da ciwon shawara, idanu kamar ƙwaiduwa. Likita ta ce jinin uwar ne ba ya jituwa da na 'ya'yan, kuma kowane ciki abin gaba zai yi. Akwai wata shuɗiyar fitila da ake kwantar da irin waɗannan jarirai ƙarƙashinta, guda ɗaya tal, ga layi. Kafin layi ya zo kansu, yaro ya koma. Injiniya bai yi kuka ba, fitilar ya tsaya yana ƙare wa kallo.

Na uku ma da shawarar ya zo. Matar ta fara haɗa kaya.

"Ina zuwa?"

"Asibiti mana, Baban yarinya."

"Mu sake bin layi? Zauna ki ga aiki."

Ya zaro aljihun tebur, ya shimfiɗa tawul, ya jera shuɗayen ƙwayayen lantarkin da ake ƙawata shago da su, ya kwantar da yaron a ciki, ya rufe taga. A wannan haske wa zai ga rawaya? Yaro shuɗi, uwa shuɗiya, bango shuɗi.

"Kin gani? Ta washe."

Matar na son ta yarda, sai ta yarda. Yaro ya rage tsotso, suka ce barci ne ya yi daɗi.

Yayar Injiniya ce ta zo ganin jariri. "Kai, nan ɗaki ne ko shagon aski? Miƙo min shi in gan shi a rana."

Ta fita da shi bakin ƙofa. Har tafin ƙafarsa rawaya, yana banƙarewa, kuka siriri kamar na mage.

A asibiti aka canza masa jini, ya rayu. Likita ta ce ciwon ya riga ya taɓa ƙwaƙwalwa, fitilar ado kuwa ba ta maganin komai.

Sa'o'in yaron sun shiga makaranta. Shi wuyansa bai tsaya ba, kunne ba ya ji. Matar ba ta taɓa yi wa mijin gori ba, amma ran da fanka ta lalace, wani mai gyara ta kira daga waje.

In Injiniya ya dawo aiki, sai ya zagaya bayan yaron a hankali, ya tafa hannu dab da kunnensa, ya tsaya yana jira.