Injiniya Ari da Layin Obi

Duk wanda ya yi aiki da marigayi Injiniya Ari a kamfaninmu na intanet a Lafia ya san ba ya canza komai a kwamfuta sai ya je kasuwar Agyaragu ya sha hira da manoma. Mu dai cewa muke tsire yake bi.

Aikinmu haɗa wa ma'aikatu rassansu ne da keɓaɓɓen layi, kowane reshe da hanya biyu. Wadda ka ba babbar lamba ita saƙo ke bi, ɗayar ta zauna jiran ko-ta-kwana. Ko'ina gajerar hanya ake fifitawa. Ari kuwa, da ruwan farko ya sauka, sai ya ƙwace lambar daga layin da ya bi ta garin Obi ya ba na garin Keana mai uban zagaye.

Na ce, "Injiniya, in layi ya yanke ai na'ura za ta juya da kanta."

Ya ce, "Na'ura ya san layin da ya mutu. Bai san wanda ke ciwo ba."

Ogan kamfaninmu ya taɓa ɗauko mana wani ƙwararre daga Abuja, ya yi awa biyu yana zane a allo. Ari ya ɗaga hannu: "Ranka ya daɗe, yaushe ake huɗar doya a Obi?" Bawan Allah ya hau latsa kwamfuta. Ari ya ce, "Kar ka wahala, ba ya ciki. Na duba."

To, ni ma ƙaiƙayin boko ya kama ni. Ranar da Ari ya tafi biki, na mayar wa Obi lambarta ina jin kaina. Bayan kwana uku, fartanyar wani manomi ta kwarzane kebul a gona. Bai yanke ba, bai kuma yi aiki ba, na'ura ta yi ta tura saƙo cikinsa. Wani asibiti da ke aiko wa likitansa hotunan ƙashi daga Obi, likitan ya wuni yana samun hoton rabin ƙafa. Oga ya rantse sai ya kori wanda ya taɓa lambar. Lokacin kuwa matata na da cikin wata takwas.

Da Oga ya tara mu, Ari da ya dawo daga biki ya miƙe ya ce, "Ni ne. Na manta ban canza ba."

Aka dakatar da shi mako biyu. Na bi shi waje zan yi godiya, ya harare ni: "Kar ka ɗauka sonka nake. In an kore ka, da wa zan yi gardama?"

Shekara tara muna tare ban ji Ari ya amsa kuskure ba sai wannan, shi ma ba nasa ba ne. Ya Allah, yadda ya rufa mini asiri ranar nan, Ka rufa masa nasa, Ka yafe masa. Amin.