Kawu Na-Allah a Gindin Hasumiyar Agadas

Takalmansa na fara gani kafin in ji sunansa. Ina ƙarama a lokacin, muna zaune a Garu, wani ƙauye kusa da Malanville. Mun dawo daga gonar albasa da la'asar, sai muka iske silifa a tsakar gida, ƙafa ɗaya a bakin randa, ɗaya can wajen murhu. Ga rediyon babana an kwance shi, an jera ƙusoshin a kan faifai. Mamata Bilki ta sauke kayan kanta, ta dubi abin, ta ce, "Na-Allah ya zo."

Na ce, "Wane ne Na-Allah?"

"Ƙanena ne, kawunki. Kwashe ƙusoshin nan kar kaji su watsa su."

Maƙwabta suka ce yana cikin gyaran rediyon ya jiyo injin ban-ruwa yana tari a bakin kogi. Ya je dubawa, ya gyara shi, ya hau babur ɗinsa ya koma Malanville ba takalmi.

Ban san shi sosai ba sai da na shiga koleji, aka kai ni gidan kakata Inna Kulu a cikin garin Malanville. Dogo ne siriri, a tsaye yake cin tuwo. In ya zauna, ƙafarsa ba ta zauna ba. Zai ɗauko maka labari, ya sake shi a tsakiya ya kama wani, kana jiran ƙarshen na farko shi ya riga ya kai bakin ƙofa. Ya yi kabu-kabu, har ranar da ya ɗauki wata mata za ta asibiti ya biya da ita kallon sabon jirgin da ake turawa ruwa. Ya yi gyaran salula, ya yi dako a babbar kasuwa, ya yi kiwon zabi. Ba wanda ya taɓa cewa ya ci masa ko dala. Abin da ake cewa kawai shi ne, kar ka aike shi.

Yana yaro an ce iska ce, ya sha rubutu har ya gaji. A lakwal, makarantar boko, sun ce taurin kai ne, suka kore shi. Sai bayan na girma wata ƙawata Aisha, da ke aikin jinya a Kandi, ta ji ina labarinsa ta ce ai abin nan likitoci sun san shi, TDAH suke ce masa da Faransanci: hankalin mutum ba ya iya tsayawa kan abu ɗaya, jikinsa ma haka. Da na faɗa masa, ya yi dariya ya ce, "Ashe har suna gare shi! Ni kaɗai aka bari ban sani ba."

Aikin da ya fi daɗewa a hannunsa shi ne rakiyar kaya. Wani ɗan kasuwa, Alhaji Mahamadu, yakan loda masara da gari a kamiyo zuwa Nijar, a dawo masa da dankali da albasa. Kawu ne ke bin motar, shi ke magana da duwan, wato 'yan kwastan, da jandarma. Aikin ya dace da shi, don mota ba ta tsayawa, shi ma haka. Wannan duk kafin a rufe gadar iyaka da ke tsakanin Malanville da Gaya ne.

A lokacin ne ciwon yanar ido ya fara rufe idon Inna Kulu. Ita haifaffiyar Agadas ce. Kakanmu ya auro ta can lokacin yana fatauci, ba ta sake komawa ba. Da ta ji an ce motar Alhaji za ta kai har Agadas, ta ce tana son ganin hasumiyar babban masallacin garinsu kafin idon ya tafi duka. Na nemo mata hoton a waya, ta ture hannuna.

"Wanga na baƙi ne. Ni so nike in ga jinina tsaye ƙarƙashinta."

Mamata tana gidan rannan. Ta ce, "Inna, Na-Allah za ki aika? Ki bari wani ya tahi."

"Wa ke gare ni da ke zuwa can in ba shi ba?"

Kawu yana bakin ƙofa yana kaɗa makulli a yatsa. Ya ce, "Yaya Bilki, hoto guda ne hwa. Tsayawa ce kawai."

"Ai ita ce ba ka iya ba."

Na ba shi wayata, don tasa kullum a kwance take. Na maimaita masa har ya toshe kunne: hasumiya duka, daga ƙasa har sama, shi kuma a gindinta.

Abin da ya faru can, rabi daga bakinsa na ji, rabi a wayar na gani. Sun sauke kaya, aka ce yana da safiya guda kafin a juya. Ya nufi masallacin. A hanya ya ɗauki hoton wata ƙofa mai zane, da akuya a kan katanga, da hannun wani maƙerin azurfa, da butar shayi, da ƙafar raƙumi. Ya isa, ya ga hasumiyar ta jar ƙasa, itatuwa sun fito a jikinta ta ko'ina. Mai gadin wurin, wani dattijo, ya ce ana hawa. Shi ke nan. Kawu ya shige, matakalar tana ƙara matsewa, jemagu suna bugun fuskarsa, ya goge kansa da bango, ya fito can ƙoli. Ya ɗauki garin ta gabas da yamma, ya ɗauki duwatsu, ya ɗauki tsakar gidajen mutane. Da ya sauko, sai ya lura tocilan dattijon ba ta kamawa sosai. Ya durƙusa ya kwance ta. Yana cikin haka direba ya kira, ya kwasa da gudu.

Sai a Abalak, sun tsaya shan shayi, direban, Sulaimanu, ya ce a nuna masa. Ya yi ta turawa da yatsa, ya yi ta turawa. Ya ce, "To ina hasumiyar? Kai kuma ina kake?"

Kawu ya karɓi wayar ya duba da kansa. Ya hau hasumiyar, ya taɓa ta, ƙasarta na cikin gashinsa, amma babu ita ko a hoto ɗaya.

Sulaimanu ya ce, "Kar ka soma. Dankali muka ɗauko, ba dutse ba. In ba ka a Gaya wa zai hidda mu daga duwan?"

"Inna ba ta da wata shekarar."

"Alhaji ma ba ya da wani haƙurin."

Kawu ya sauka. Ya tari wata mota mai komawa arewa. Da ya isa ya miƙa wa dattijon wayar, ya ce, "Baba, don Allah ka tsare ni. In na motsa ka daka min tsawa." Dattijon kuwa ya yi ta dakawa. Na ga hotunan: a wani babu kansa, a wani ya sunkuya yana duba wani abu a ƙasa, a wani bayansa kawai. Guda ɗaya ne hasumiyar ta fito cikakkiya. Shi kuma yana ƙasa, ya juya, hannu a sama, jikinsa ya yi dishi-dishi, don a daidai lokacin amalanken jaki ya so kifewa a bayan mai ɗaukar.

Kayan Alhaji suka kwana suka wuni a Gaya, dankalin da yawa ya ruɓe. Ranar da Kawu ya dawo aka ce masa ya huta.

Na kai hoton aka wanke shi babba a wani shago kusa da kasuwa. Inna Kulu ta fito bakin ɗaki inda haske ya fi, ta kai takardar har hancinta. Ta daɗe. Ta bi itatuwan da yatsa ɗaya bayan ɗaya.

"An yi mata sabon yaɓe," in ji ta. Yatsan ya gangaro ƙasa ya tsaya. "Mi ne wanga ke gudu?"

Kawu ya ce, "Ni ne, Inna."

"Har can ma?"

Ta yi dariya har tari ya kama ta, sannan ta ja mayafi ta rufe fuska. Kawu ya fita, ya dawo, ya sake fita. Kafin damina ta zagayo idon ya rufe gaba ɗaya, amma ta gani. Yanzu da ta rasu ne na ga zan iya rubuta sauran.

Don a yammacin nan, na fito zubar da ruwan wanke-wanke, na iske shi a zaure yana ta kai da komo. Ya riƙo hannun rigata.

"Rahina, ɗiyata, abu guda nike roƙonki. Kar ki gaya wa Inna Alhaji ya kore ni saboda hoton nan. In ta tambaya, ki ce ni na gaji na bari. Za ta yarda."