Ranar da Muka Liƙe Tagar Baba Mai Gida

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba na jin zai iya kwashe ranar da ni da yaran gidanmu muka yi wa tagar Baba mai gida kwalliya. Har yau in na tuna sai in fashe da dariya ni kaɗai, 'ya'yana su tsaya suna kallona.

Lokacin ina ɗaliba, ina haya a wani babban gida a Samaru, a farkon shekarun dubu biyu. Gidan cike yake da iyalai, mutanen Zariya da na kudancin Kaduna da Yarbawa, yara kuwa kamar an zazzago su daga buhu. Ni ke koya wa yawancinsu waƙa a coci ranar Lahadi, don haka ɗakina ya zama dandalinsu. Talabijin ɗaya ce tak a gidan, tana falon Baba, wani dattijo ɗan fansho da magana ke yi wa wuya. Tun da matarsa ta rasu ba wanda ya ƙara taka falon sai shi kaɗai. Kujerun suna nan lulluɓe da farin saƙar da ta yi musu da hannunta. Amma in ana ƙwallo sai ya buɗe tagarsa, irin mai gilasai jere da ake ɗagawa da ɗan ƙarfe, wai yana shan iska. Yara su hau benci daga waje suna leƙe. Bai taɓa cewa su zo ba, bai kuma taɓa korarsu ba.

A shekarar 'yan wasan ƙasarmu suna ta ci, har suka kai wani babban wasa da za a yi ranar Asabar da yamma. Matsalar ita ce a wasan da ya wuce yaran sun yi ihun da ya sa Baba ya rufe tagar tun ba a tashi ba. Duk hankalinsu ya tashi. Sai babbar cikinsu ta zo mini da shawara, ta ce, "Anti, in muka yi wa tagar ado da kore da fari, ai zai ji daɗi ya buɗe mana." Ni da nake jami'a, maimakon in yi tunani, sai na ce wannan yarinya akwai kai!

Ranar Asabar da safe Baba ya kulle ɗaki ya tafi ɗaurin aure ƙauyen Zabi, ni kuma na faɗa bas sai PZ, unguwar kantuna a Zariya. Na sayo takardar kwalliya marar kauri, kore da fara. Kafin in dawo wata maƙwabciyarmu Bayarabiya ta dama mana sitaci cikin roba, tana cewa, "Wannan ko kayan soja ka sa wa zai tsaya da ƙafarsa."

Kowane yaro ya ɗora tafin hannunsa kan koriyar takarda, na zagaye da biro, manyan suka yanke da almakashi. Wayyo hayaniya! Wannan ya ce an rage masa yatsa, wancan ya ce hannunsa ya fi haka girma, ƙaramar cikinsu kuwa tana ta lasar sitaci tana cewa koko ne. Muka shimfiɗa farar takarda a kan gilasan tun daga sama har ƙasa, muka jera korayen hannaye dama da hagu, muka bar tsakiya fari sol. Duk inda muka ga 'yar kafa sai mu ƙara sitaci mu danne, don kada iska ta ɗaga. Rana ta gasa shi ya yi ƙam. Matan gida suka fito suna guɗa, yara suka ƙame suna taken ƙasa, ni kuma ina tsaye ina jin kaina kamar wadda ta gina gada. Gida guda cike da manya, ba wanda ya lura da komai.

Baba ya dawo, ya tsaya ya dubi tagar, ya shige ɗaki. Yamma ta yi, yara suka jeru a benci an yi wanka an shafa mai. Muka ji muryar mai sharhi ta tashi daga ciki. Sai muka ji Baba yana jan ƙarfen tagar, ƙas, ƙas, ta ƙi motsi. A nan ne ƙaramar nan ta ja zanena ta ce, "Anti, to ta ina za mu gani?"

Muka juya muka dubi tagar, ko 'yar kafar leƙe ba mu bari ba. Daga nan Bayarabiyar nan ta zauna daɓas a ƙasa tana dariya har da hawaye, yara kuma suka ɓarke da kuka na gaske. Ni dariya na cina, tausayi na cina. Babbar ta miƙa hannu za ta yage, sai muka ji tsawa daga ciki, "Kada wanda ya taɓa!"

Ƙofa ta buɗe. Baba ya ce, "Malama, zo ki gani." Na cire takalmi na shiga. Ashe tagar yamma take kallo. Rana ta ratso takardar, falon duk ya yi kore shar, inuwar 'yan hannayen nan ta kwanta a kan farin saƙar kujerun. Ya daɗe yana kallo, sannan ya nuna wani ɗan mitsitsin hannu mai yatsu huɗu ya ce, "Wannan na wane ne?" Na ce na ƙaramarsu ne, almakashi ne ya ci ɗaya. Ya murmusa, karon farko da na ga haƙoransa. Ya ce, "Da marigayiya matata na nan, da tuni ta shigo da su. Ki ce su wanke ƙafa."

Da hannunsa ya kwashe saƙar ya ninke ya ɗora a cinya. Yara suka cika falon har ƙarƙashin tebur. Da namu suka jefa ƙwallo a raga kuwa, wanda ya fi kowa ihu Baba ne, har hularsa ta faɗi, ƙaramar ta ɗauka ta sa a kanta. Gaskiya na manta yadda wasan ya ƙare. Takardar dai ta zauna a tagar har ruwan damina ya wanke ta, kuma ko bayan nan ba wanda ya ƙara hawa benci.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, ba duk mai ɗaure fuska ne ba ya son mutane. Wani kewa ce ta rufe shi, yana nan yana jiran a ba shi dalilin buɗe ƙofa, ko da dalilin shirmen yara ne da robar sitaci.