Ban Karɓi Malam Ilu Ba

Jama'a, wallahi abin nan a kaina ya faru, ba ji na yi a bakin wani ba. Shekara tara na yi ina aiki a wata masaƙa da ke bayan Wudil, ta hanyar Darki. Ƙa'idarmu a wurin ita ce masaƙi ba ya barin injinsa sai mai karɓarsa ya zo ya dafa masa kafaɗa, don ƙarar injina ba ta bari a ji magana. Ni ne mai karɓar Malam Ilu, wani dattijo ɗan Dagumawa, kullum ƙarfe biyu na rana.

Ana gobe za a rufe masaƙar, wani ɗan ofis ya tsegunta mini cewa masu kamfani sun gaji da rashin wuta da yadin waje mai araha, wai hutun gyaran da za a ce an ba mu yaudara ce. Raina ya ɓaci, na ƙi fita aiki, kuma ban gaya wa kowa ba. Malam Ilu ya yi ta tsayuwa har aka kashe injina. Daga baya kullum sai ya hau kekensa ya je bakin ƙofa yana jiran a buɗe, har ciwo ya kwantar da shi. Da ni aka ɗauki makararsa.

To, shekaru suka ja, babu ta sa na shiga cikin 'yan gwangwan, ran nan kuwa aka kai mu mu yanka injinan masaƙar nan a sayar da su a kilo. Abokan aiki suka fita cin abinci, ni kuma ƙafa ta ja ni layinmu na da, rana tsaka, haske na zubowa ta hudojin kwano.

Malam Ilu yana nan tsaye. Ya ba ni baya, da rigarsa ta aiki, hannuwansa na ta ƙulla zaren da babu shi a kan inji duk tsatsa. Innalillahi! Bai waiwayo ba, ya ce, "Ɗana, yau ka makara. Ƙafafuna sun gaji, karɓe ni in je gida."

Tausayi ya kama ni har na ɗaga hannu, Allah shaida, saura kaɗan in dafa shi. Sai na tuna wanda yake karɓata ya daɗe da komawa Legas. In na tsaya a gurbin Malam Ilu, ni wa zai karɓe ni? Na ce, "Baba, an rufe fa." Ya ce, "Ba su gaya mana ba."

Da baya da baya na fita, ko kayan aikina ban ɗauka ba, na yi sati uku ina zazzaɓi. Sauran suka yanke injinan tas, ba wanda ya ga komai.

Yanzu in na ji ana cewa a rediyo gwamnati ta fito da sabon tsarin farfaɗo da masana'antu, addu'ata ita ce su yi da gaske, ko a samu mai karɓar irin su Malam Ilu. Ku kuma masu kamfani, in za ku rufe, ku tara mutane ku faɗa musu gaskiya, ku sallame su. Ni dai sau biyu na bar dattijon nan a tsaye, kuma ban ji an ce ya zauna ba.