Takardun da na kai akwatin masallaci

Me ya hana ni tambaya? Layi ɗaya tak in ce wani ya karanto min, da shi ke nan. 'Yata ce take rubuta muku wannan, ni ban san ko alif ba.

Shekarun baya, maigidana ya yi aiki da Turawa a garin Yanbu na Saudiyya, a can ya koyi Turanci. Da ya ajiye aiki muka zauna a unguwar Ƙurban ta Madina, ba abin da ya kawo sai ciwon ƙirji da kwalin littattafai. Akwai guda da ya fi so, na wata Baturiyar Ingila ta zamanin da. Ya ce baiwar Allah ta binne 'yan gidansu ɗaya bayan ɗaya, sai ta zauna tana rubuta labaran tsofaffin gidaje masu ɗakuna a kulle, inda matattu ba sa barin masu rai su huta.

Na ce, "A'uzu billahi! Malam, a garin Manzo za ka kawo min fatalwar Turawa?"

Ya ce, "To rufe kunnenki, Hajiya."

Ban rufe ba. Kullum bayan la'asar ina cire ƙwallon dabino, yana juya min labarin da Hausa: wata mata ce mijinta ya rasu ya bar mata gida, kullum tana jin tafiyarsa a bene. Ni da na yi ta'awwuzi, ni ce na koma ina cewa, "Sai kuma aka yi yaya?" In ya ga na matsu sai ya rufe littafin ya ce shayinsa ya huce.

Da ciwon ƙirjin ya tsananta, magana ta fara yi masa wuya, sai ya koma rubutu. Wata da watanni yana duƙe a kan takardu, da rubutun Larabci. Na ɗauka addu'o'i yake kwafa. Ban tambaya ba. Shekara arba'in ina jin kunyar in nuna takarda in ce mene ne wannan.

Aka kwantar da shi a asibiti mako biyu. Ranar da za a sallamo shi na shiga gyaran ɗakinsa, likita ya ce kada ƙura ta taɓa shi. Na tarar da takardun a ƙasan gado, wasu shayi ya ɓata su. Na ce a raina: sunan Allah a ƙasa, inda ake taka ƙafa! Na tattara su da alwala, na naɗe a kyalle mai tsabta, na kai akwatin da ke bakin masallacin unguwa, inda ake zuba tsofaffin takardu masu ayoyi. Na dawo ina jin na yi aikin lada.

Kwana uku da dawowarsa ya ce, "Hajiya, ɗauko min takarduna, saura kaɗan in gama."

Na faɗa masa inda na kai su. Sai ya faɗa min abin da ke cikinsu.

Ashe labarin nan ne yake juya min da Hausa, da baƙaƙen Larabci. 'Ya'yanmu Hausarsu ta raunana, boko kuma na Hausa a lokacin ba su iya ba, amma Larabci suna karantawa. Ya shirya ne don in ya tafi, su riƙa karanta min da bakinsa.

Babban ɗanmu ya ruga masallaci. Ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Ummi, khalas, shi ke nan, mota ta kwashe."

Littafin Turancin yana nan. 'Yata ta sha cewa za ta nemo min ƙarshensa a waya. Na ƙi. Ba labarin Baturiya nake kuka ba, Hausarsa na zubar, irin ta Kano ta mutanen da, wadda ba mai yi min ita yanzu a gidan nan. Ku da kuke da ido, in tsohuwa ta tsaya tana kallon takarda, kada ku jira ta tambaya.

Bai ƙara mako a duniya ba. Da hantsi ina zaune gefensa ina kuka, ina cewa ya yafe min. Ya laluba ya kama hannuna, numfashinsa sama-sama, ya ce:

"Ke na rubuta wa, Hajiya. Kayanki ne, kin kai inda kika fi girmamawa. Share idonki, yara na kallo."