Ummulkhairi Ungozomar Tafashiya da Abin da Masu Wankanta Suka Gani

Haihuwa da Karatu

An haifi Malama Ummulkhairi a shekarar 1926 a garin Boko ta ƙasar Kusada, sunan mahaifinta Malam Ma'aruf, mai makarantar allo da yake noma da damina yake karantarwa da rani, mahaifiyarta kuwa Hadijatu. Su biyu ne mata a ɗakinsu, ita da ƙanwarta Hannatu, kuma a gaban mahaifinsu ta sauke Alƙur'ani, ta karanci hukuncin tsarki da na jana'iza, ilimin da ba kowace mace ta samu ba a wancan zamani.

Aure da Sana'a

A shekarar 1944 aka ɗaura mata aure da Ashafa, manomin gero da dawa a Tafashiya ta ƙasar Kankiya, Allah ya albarkace su da 'ya'ya uku. A hannun surukarta Iyatu ta koyi ungozomanci da wankan jego, kuma a shekarar 1960, shekarar samun mulkin kai, dattawan garin suka ɗora mata wankan gawar mata, saboda karatunta da kuma shaidar da aka yi mata ta kame baki. Sharaɗin wannan aiki sananne ne: abin da mai wanka ta gani a jikin mamaciya amana ne, da shi za ta shiga kabarinta.

A nan ne ta fara ganin abin da ya tayar mata da hankali. Matan da aka ce zazzaɓi ne ya ɗauke su, sai ta kwance zani ta tarar da nono ya rube, an lulluɓe shi da ganye da tsumma, ba miji ya sani ba, ba uwa ba. Ciwon daji ne, kuma mutanen yankin sun yi imani cewa daji ba ya son ƙarfe, wai da allura ko wuƙar likita ta taɓa shi sai ya fusata ya gama jiki. Haka ta riƙa wankewa tana suturtawa, ta fito ta yi wa dangi gaisuwa ba ta ce uffan ba.

Rasuwar Hannatu

A shekarar 1968 aka aiko mata daga Kusada cewa Hannatu ta rasu, ƙanwar da suka yi hira da ita a wajen wani suna a lokacin kakar da ta wuce, tana dariya tana rabon goro. Da ta je ta shiga yi mata wanka ta janye mayafin, abin da ta gani ya sa ƙwaryar ruwa ta suɓuce daga hannunta, domin ciwon ya cinye ƙirjin har ya kai hammata. Uwa ɗaya uba ɗaya, amma kunya ta hana Hannatu ta nuna mata! Ta dawo Tafashiya da Tani, 'yar marigayiyar, ta riƙe ta kamar ita ta haife ta.

Tafiyar Zariya

A shekarar 1971 ita ma ta ji ƙululu kamar ƙwallon aduwa a nononta na hagu, ba zafi ba ƙaiƙayi. Wadda ta ga ƙarshen wannan hanya da idonta ba ta tsaya jiƙe-jiƙe ba, ta matsa wa mijinta har suka hau mota zuwa wani babban asibiti a Zariya, inda likitoci suka ce ta zo da wuri, suka cire nonon ɗungurungum. Ta warke sarai. Sai dai tun kafin su baro can Ashafa ya roƙe ta kada kowa ya ji, ita ma ta amince, don tana tsoron babu uwar da za ta miƙa jaririnta ga ungozoma mai nono ɗaya. A gari aka ce ciwon idon Ashafa ne ya kai su. Daga nan ta koma sa riga da ƙunshin auduga a ciki, mata na tsokanarta cewa lallai arzikin mai ya iso Tafashiya, tunda ungozoma ta daina ɗaurin ƙirji.

Shekarun Faɗakarwa

Tun daga shekarar 1972 ta mayar da wankan jego wurin dubawa. Duk maijegon da ta yi wa wanka, sai ta shafa ƙirjinta da hammatarta, ta koya mata yadda za ta riƙa yi da kanta bayan yaye, ta kuma umarce ta da ta duba uwarta da surukarta, tana cewa ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ta zaga Fakuwa da Boko da ƙauyukan da ke tsakani, a ƙasa ko a kan jaki, kuma mata sun yarda a duba su, har suna dariya saboda cakulkuli. Amma da zarar an ji ƙululu an ambaci asibiti, sai kowacce ta ɗaura zaninta ta ce ta gode.

Mafi munin abin ya faru a shekarar 1977, lokacin da ta gano ciwon a jikin Rahamatu, wata matar aure a Fakuwa mai 'ya'ya ƙanana, tun yana ɗan mitsitsi. Rahamatu ta dube ta ta ce, "Inna, ki hwaɗa mani tsakaninki da Allah, kin taɓa ganin wadda aka yanka ta tashi?" Amsar tana nan cikin rigarta, tsakaninsu bai fi kamu ɗaya ba, amma Ummulkhairi ta ce ta dai ji labari. Gani ya kori ji, kuma Rahamatu ba ta ga komai ba, saboda haka ba ta je ba. A shekarar 1979 ita ta wanke ta. Abin takaici ne a rubuta shi, amma haka ya faru: mace mai wannan ilimi da wannan ƙoƙari ta bar kunya ta rinjaye ta, irin kunyar da ta kashe ƙanwarta. Ashafa ya rasu a shekarar 1980, duk da haka ba ta iya buɗe baki ba, sai dai ta ajiye wankan gawa ta ce ƙarfinta ya ƙare.

Wasiyya da Rasuwa

A damanar shekarar 1984 zazzaɓi mai tsanani ya kwantar da ita. Da ta ji jiki ya yi nauyi, ta sa aka kira limamin garin, a gabansa ta ambaci matan da za su wanke ta, har da Tani, wadda a lokacin take aure a Kusada. Sannan ta yi wasiyyar da limamin ya ce bai taɓa jin irinta ba: "Na ɗauke masu amana. Abin da suka gani ga jikina su hwaɗa ma kowa, kada su rage komi."

Ta rasu ranar wata Laraba da hantsi, tana da shekara hamsin da takwas. Da masu wanka suka cire rigar, ƙunshin auduga ya faɗo, suka ga ƙirjin hagu a shafe, da tsohon tabon ɗinki wanda ya warke tas, sai salati ya ɓarke a ɗakin har maza suka jiyo daga zaure. Shekara goma sha uku tana cikinsu da aikin wuƙar likita a jikinta, tana daka, tana tafiyar ƙasa, tana karɓar haihuwarsu! Tani kuwa ta sulale ta zauna dafe da nata ƙirjin, domin ita ma tun bara take ɓoye ƙululu, ko uwar riƙonta ba ta nuna wa ba. Aka yi mata salla bayan azahar, aka binne ta a maƙabartar Tafashiya, kuma kafin sadakar uku labarin ya kai Fakuwa, ya kai Boko da Kusada.

Ta rasu ta bar 'ya'ya uku: Ma'aruf, manomi a Tafashiya, da Hamma, malamin Islamiyya a Kankiya, da Hawwa'u, wadda ta gaji ungozomancin. Ta kuma bar 'yar riƙonta Tani, wadda ta hau motar Zariya washegarin sadakar arba'in, kuma har lokacin rubuta wannan tarihi tana nan da ranta a Kusada, duk matar da ta yi mata tambayar Rahamatu takan ja ta ɗaki ta ɗaga mata riga. Allah ya jiƙan Malama Ummulkhairi, ya yafe mata shirunta, ya saka mata da wasiyyarta.