Sunan da Na Faɗa a Rumfar Dillalai

Har gobe ban manta da ranar kasuwar Bodinga da bakina ya raba wani bawan Allah da gonarsa ba. Ku da kuke koyon dillancin albasa a hannuna, gara ku ji daga gare ni.

Shekara uku ke nan, ana dab da cirar albasa, Dokta Sanusi ya same ni a rumfa. Tare muka yi firamare a Shagari. Ni na faɗa kasuwa, shi ya bi karatu har ya zama babban malami a jami'a, fanninsa nazarin tsaro. Ya ce mini a aikinsu ba a hawa matsayi da daɗewa kawai, sai mutum ya yi bincike ya wallafa, wasu malaman su duba su amince. Takarda ɗaya ta rage masa ya nemi matakin da ke ƙasa da Farfesa. Yana son sanin yadda labarin ƙauye ke isa kunnen 'yan bindiga, kuma ni na san manoma.

Ya shimfiɗa mini ƙa'idarsa: mutum ɗaya a lokaci ɗaya, ba hoto, ba suna, lamba kawai zai rubuta. Na ce wannan ai wasa ne.

Na kai shi wajen Malam Bube, wani manomi a yankin Lambara da na daɗe ina sayen albasarsa. 'Yan bindiga sun taɓa ɗauke shi, Allah ya kuɓutar da shi, bai kuwa taɓa ba kowa labarin ba. Saboda ni ya yarda. Suka zauna a inuwar da yake shanya albasa, ni ina bayan zana, rabin zancen yana shiga kunnena.

Ranar kasuwa gardama ta tashi a rumfarmu. Alhaji Mani, abokin wasana, ya ce 'yan boko ba su san komai ba, daga ofis suke ƙirƙiro labarin daji. Raina ya sosu. Kun san al'adarmu: in ana shakkar kaya, sunan manomi muke kira, a ce albasar wane ce, ciniki ya faɗa. Haka na yi. Na ce ni da kaina na kai Dokta wajen Bube, ya zayyana masa komai. Rumfar cike take, har da fuskokin da ban sani ba.

Kwana huɗu bayan nan ƙanen Bube ya zo. Bai zauna ba. Ya ce an aiko wa yayansa saƙo daga daji cewa an ji yana da baki. Bube ya kwashi iyalinsa ya tafi Sakkwato, albasa tana ƙasa ba a cire ba.

Na kira Dokta, ina jiran faɗa. Da ya iso sai ya zauna kan buhu ya ce:

"Alhaji, ga sana'arka suna shi ka saida kaya. Ga tawa, suna na iya kashe mai shi."

Na ce ai ba suna a takardarsa. Ya ce yanzu duk wanda ya karanta zai gane mai maganar, don haka zai cire duk abin da Bube ya faɗa. Wannan ne kuwa ƙashin bayan binciken. Shekarar ta wuce bai nemi matsayin ba. Abin da ya fi ƙona ni, cewa ya yi laifinsa ne da ya bar ni kusa da zanar.

Na sa an cire albasar na kai wa Bube. Ya gaishe ni da mutunci, bai ɗago ido ba. Har yau bai koma gida ba.

Da ina ɗaukar aikin su Dokta surutu ne a kan takarda. Ashe rabinsa riƙe baki ne, kuma mutumin da ya fi ni iya magana ya fi ni iya shiru. Shi ya sa in kun ji an tambaye ni albasar wa ce, na ce a duba kaya kawai, kada ku ɗauka rowa ce.